Jirgin da Ya Daina Tari

Kan jirgin ya baro tashar Kwari yana jan taragun siminti, ya kama hawan Tudu bai yi tari ko sau ɗaya ba. Ƙafafun ƙarfe na juyawa, sandunan da ke tura su na kai da komowa, wuta na ci a murhu, amma a gaban tukunyarsa, inda aka saba ganin bututun hayaƙi a tsaye, babu komai sai wani doro mai ƙyalli kamar tozon bijimi. Wannan doron shi ne sabuwar na'urar da ake kira Haɗiyau.

A gefen layin dogo an shanya farar shadda a kan igiya, turmi bayan turmi, tun daga gindin hawan har ƙofar tashar Tudu. Alhaji Tanimu Maishadda, shugaban Hukumar Dogo ta Birnin Marmara, shi ya ba da wannan umarni, don a ganinsa babu ma'aunin da ya kai farin yadi faɗin gaskiya. Da jirgin ya wuce sai ya bi igiyar yana shafawa yana shinshinawa, manyan ma'aikatansa na biye da shi suna shinshina duk inda ya shinshina.

"Ko ɗigo!" in ji shi. "Injiniya, ko ɗigo babu. Yau ka wanke garin nan."

Injiniya Mamuda Barau, wanda ya ƙirƙiro na'urar, ya ɗan rusuna. "Ranka ya daɗe, ai wannan somin taɓi ne."

A ransa kuwa cewa yake, mutumin da ke auna aikin shekaru da ƙyalle, in ba a Marmara ba, ina za a ba shi ko da tashar mota ya riƙe?

Tun da man fetur ya ƙare, ƙarfen da ake yin batir da shi kuma ya zama sai wane da wane, duniya ta koma ga abin da ta taɓa jefarwa. Hasken rana na kunna fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki, amma kaya masu nauyi sai jirgin tururi, mai cin curin kara da ɓuntun shinkafa da ake matsewa a masana'antu. Shi kuwa jirgin tururi, tun asalinsa da tari yake numfashi. Wuta ba ta ci sai da iska. Saboda haka tururin da ya gama tura sandunan ƙafafun jirgi ba a barinsa ya watse a banza. Ana tattara shi a wani tsukakken bututu da ma'aikata ke kira maƙogwaro, a fesa shi sama ta cikin bututun hayaƙi. Feshin ya ja hayaƙin da ke bayansa, hayaƙin ya jawo sabuwar iska ta ƙarƙashin murhu, wuta ta ruru. In hawa ya tsananta jirgi ya ƙara tari, tarin ya ƙara jan iska, wutar ta ƙara ƙarfi daidai da bukata, ba tare da wani ya ba da umarni ba.

Laifin wannan tsari ɗaya ne. Hayaƙin da aka cilla da ƙarfi, kuma da zafinsa, sama yake tashi. Yakan tsallake rufin kwanon Kwari, inda leburori da 'yan kasuwa ke zaune a gindin dutse, ya je ya sauka a Tudu, kan gidajen gilashi da fararen riguna. Mutanen Tudu sun jure zafin duniya da na'ura, sun jure ƙishirwarta da bututun ruwa daga nesa, amma ɗigon baƙi a wuyan riga ya fi ƙarfin haƙurinsu. Suka yi taro, suka yi doka, suka ce duk wanda ya kashe musu hayaƙi da tarin jirgi sunansa zai shiga tarihi.

Mamuda ya ji maganar tarihi, ya hana kansa hutu. Ya cire maƙogwaro, ya datse bututun hayaƙi. Tururin da ya gama aiki ya mayar da shi ruwa ya koma tukunya. Jan iska kuwa ya damƙa wa wata fanka da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. Fankar ta zuƙo hayaƙi ta bi da shi cikin yayyafin ruwa, baƙin ya wanke, zafin ya huce, sai a sake shi ta ƙasa, tsakanin ƙafafun jirgi, babu launi babu ƙara. Da yake dokar Tudu ta hana hayaniya, da zarar jirgi ya shigo gari sai na'urar ta rage gudun fankar har ta koma kamar numfashin mai barci.

A Kwari aka haifi Mamuda, amma ba a jin haka daga bakinsa. In hanya ta bi da shi ta can yakan ɗaga gilashin motarsa mai batir, ya dubi masu tura baro da masu suya a bakin dogo kamar yadda ake duban kwatami. Mutum ɗaya ce ta rage masa a unguwar, yayarsa Dokta Hansatu, wadda ta goya shi bayan rasuwar iyayensu, ta yi karatun likita, ta kuma ƙi barin ƙaramin asibitin Kwari duk da yadda ya sha ce mata tana ɓata iliminta.

Bayan an ɗaura Haɗiyau a kan duk jiragen birnin, wata rana da hantsi ta hau Tudu ta same shi a ofis. Ba ta zauna ba.

"Kajin unguwar Bakin Dogo sun ƙare," ta ce.

Ya yi murmushi bai ɗago daga allonsa ba. "Ban san kin koma likitan kaji ba, Yaya."

"Kaji suka fara, don su suka fi kusa da ƙasa. Yanzu yara ne. Ciwon kai, jiri, amai, barci a aji. Na ɗebi jininsu na auna. Kabon-monoksaid ne, Mamuda. Kada ka sa in yi maka bayanin abin da ka fi ni sani."

Ya fi ta sani kuwa. Wutar da aka rage wa iska ba ta cinye abincinta sarai. Takan fitar da wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari, in ta shiga jini ta hana shi ɗaukar numfashi. Ruwan Haɗiyau baƙi kawai yake wankewa, gubar kan wuce shi lafiya lau. Hayaƙin da ya huce kuma ba ya tashi sama. Kwanciya yake, ya bi gangare kamar ruwa, gangaren Marmara kuwa duk Kwari ya nufa. Mamuda ya ga wannan a lissafinsa tun kafin a shanya shadda.

"Na auna," ya ce. "Bai kai mizanin haɗari ba, muddin iska na kaɗawa."

"Ranar da ba ta kaɗa ba fa?"

"Yaya, mutanenki da gawayi suke girki a cikin ɗaki, su rufe taga. Komai ya same su sai a ce jirgi."

"Mutanena?" Ta dube shi daga sama har ƙasa. "A wane ɗaki aka yanke maka cibi?"

Ya ture allon. "To me kike so in yi?"

"Ka ƙara wa wutar iska. Ka mayar da bututu, hayaƙi ya tashi sama da zafinsa yadda yake yi a da."

"In mayar da bututu." Ya yi wata 'yar dariya. "In tsaya gaban duniya in ce duk abin da na ƙare ƙuruciyata a kansa bai kai guntun bututu ba? Kin san garuruwan da ke jiran na'urar nan?"

"Na san yaran da ke kwance a asibitina," ta ce, ta juya ta fita.

Kada a zalunce shi, ya yi wa Alhaji Tanimu maganar. Amma ya yi ta ne irin yadda ake roƙon abin da ake so a hana. Ya jira sai da tela ke gwada wa Alhaji rigar bikin buɗe sabuwar tasha, sannan ya ce akwai 'yan ƙorafe-ƙorafe daga ƙasa, ƙila in an ɗan ƙara gudun fanka su ragu.

"Za ta yi ƙara?" in ji Alhaji, hannuwansa a buɗe, tela na ɗaukar awo.

"Kaɗan, ranka ya daɗe."

"To a bar ta yadda take. Mutanen Kwari ai da ciwon kai ake haihuwarsu."

Mamuda ya yi dariya tare da sauran, ya fita da sauƙin zuciya. Ya dai faɗa.

Bikin ya faɗo a farkon damina. Tun azahar hadari ya haɗu a gabas ya ƙi ƙarasowa, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Baƙi sun zo daga birane da dama don ganin jirgin da ba ya tari, an kafa musu rumfa a dandamalin sabuwar tashar, wadda Hukuma bayan dogon nazari ta gano cewa babu sunan da ya dace da ita sai Tashar Maishadda. Don kada taragun siminti da na dabbobi su ɓata wa baƙi kallo, aka ba da umarnin a tsayar da duk jiragen kaya a Mashigin Kwari har a tashi daga taro.

Mashigin wani dogon rami ne da aka fasa cikin dutse, bango dama bango hagu. Bakinsa na ƙasa ya buɗe ne kai tsaye cikin Kasuwar Ƙarƙashin Gada, wadda ke cike maƙil don ranar cin ta ce. Jiragen suka jeru a ciki, kowanne da wutarsa a kunne, don ba a kashe wutar jirgin da zai tashi an jima. Da yake a tsaye suke, kuma cikin gari, na'urorinsu suka mayar da fankokin can ƙasa.

Mamuda na zaune a sahun gaba lokacin da wayar da ke ɗaure a hannunsa ta girgiza. Ya kai ta kunne.

"Mamuda, ka janye jiragen nan." Muryar Hansatu ce, tana haki. "Mutane na zubewa a kasuwa. Yanzu, Mamuda, yanzu!"

Ya duba allon wayar. Kowane jirgi kore ne shar, alamar lafiya. Dole su zama kore, domin shi ya tsara ma'aunan, kuma baƙi da ƙara kawai ya koya musu su gani. Bai ruɗi kansa ba. Ya dubi tutocin da ke rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma, ya san abin da ke faruwa a ƙasa kamar yana tsaye a wurin.

Hanyar fita daga mashigin ɗaya ce, ta tsakiyar sabuwar tasha, gaban rumfar baƙi, kuma ba mai buɗe ta sai da izinin shugaba. Shugaba kuwa na kan mumbari, ya kai daidai inda yake ba da labarin wani haziƙin ɗan Marmara da ya yi abin da ya gagari magabata. Mamuda ya yunƙura ya miƙe. Sakataren Hukuma da ke kusa da shi ya kama gefen rigarsa.

"Injiniya, ina za ka? Yanzu za a kira sunanka."

Ya koma ya zauna.

Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa ɗan lokaci ne. Ba ɗan lokaci ba ne; Alhaji Tanimu bai taɓa yin gajeren jawabi ba. Aka kira sunan, aka yi tafi, Mamuda ya hau aka rataya masa lambar zinariya, ya tsaya aka ɗauki hoto ta dama, aka ɗauka ta hagu. Sai da suna saukowa ya matsa kusa da kunnen Alhaji ya ce akwai 'yar matsala a Kwari, ya kamata a saki jiragen.

"Bari baƙi su shiga cin abinci tukuna," in ji Alhaji, yana ɗaga wa wani hannu.

A ƙarƙashin gada babu wanda ya gudu, domin babu abin da za a guje wa. Da hayaƙi ne da an yi tari, an toshe hanci, an watse. Wannan kuwa kasala ce kawai ta sauko wa kasuwa. Mahauci ya ajiye wuƙa ya ce bari ya ɗan zauna. Mai tumatir ta jingina kai da kwandonta. Masu ciniki suka riƙa mance abin da suke tayawa, suna dafe goshi, suna cewa zafin hadari ne. Wanda ya sunkuya don ya ɗaga wani sai ya kwanta a gefensa. A cikin mashigin, direbobi da masu ba da wuta sun riga kowa yin shiru a kujerunsu.

Hansatu ta iso da ma'aikatan jinya da 'yan tulunan iskar numfashi da asibitin ke da su, waɗanda ba su taka kara sun karya ba. Ta hana kowa shiga ba da abin rufe hanci mai haɗe da tulun iska ba, sannan ta cire nata ta ɗaura wa wata mata mai ciki da suka jawo. Ta koma ciki haka nan. Ta fito da mutum, ta koma, ta fito, ta koma. A wata komawar ba ta fito ba.

Ba Hukuma ce ta ceci waɗanda suka rage ba, ba kuma Mamuda ba. Gab da la'asar hadarin ya taso da guguwa, iska ta ratsa ƙarƙashin gada ta share ta, ruwa ya kece. A Tudu baƙi suka ruga cikin tasha suna tattare riguna. A Kwari ruwan ya sauka kan mutanen da aka jera a bakin titi, wasu suka farfaɗo, da yawa ba su farfaɗo ba. Washegari makabartar unguwar ta kasa ɗauka, sai da aka fasa sabon fili.

Hukumar Dogo ta kafa kwamitin bincike, ta kuma sa Mamuda a ciki, tunda duk birnin babu wanda ya fi shi sanin iska. Kwamitin ya zaga kasuwar ya ga murhunan masu suya da masu shayi. Aka tambayi Injiniya ko gawayi na fitar da irin wannan guba.

"Yana fitarwa," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa, kuma ba a tambaye shi wani abu bayan wannan ba. Aka yanke cewa cunkoso da jahilci ne suka jawo musibar. Don kare lafiyar jama'a aka rushe kasuwar da duk gidajen Bakin Dogo, aka kwashe mutanen zuwa wani fili a bayan gari da aka raɗa wa Sabon Matsuguni. Baƙin da suka zo biki suka koma garuruwansu suna yabon shirun jirgin, saƙonnin neman Haɗiyau suka yi ta shigowa.

An samu Hansatu da rai a bayan rumfar masu hatsi. Ta farfaɗo a asibiti, ta yi magana, ta ci abinci, har aka yi murna. Bayan 'yan makonni sai abubuwa suka fara zamewa daga kanta. Ta mance sunayen magunguna, ta mance hanyar asibiti, ta riƙa tsayawa tsakiyar tsakar gida da cokali a hannu ba ta san inda za ta ba. Likitoci suka ce haka gubar ke yi wani lokaci, takan bar ƙwaƙwalwa ta dawo daga baya ta karɓi rabonta. 'Yarta Larai ta bar aikinta ta koma kula da ita a Sabon Matsuguni.

Sai da kaka ta yi Mamuda ya iya zuwa. Ya bar motarsa nesa ya taka da ƙafa, da ledar lemo a hannu. Filin da aka ba mutanen kwari ne shi ma, don ba a taɓa ba su tudu ba. A bayan gidajen ya ga turakun awo masu jan fenti sun jeru sun miƙe. Bai bukaci tambaya ba. Sabon layin da zai kai kaya kudu ne, shi ya duba taswirarsa.

Larai ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ba ta gaishe shi ba. "Tana ciki, Kawu," ta ce, ta wuce madafa.

Hansatu na zaune a kan tabarma a inuwar katanga, an yi mata kitso, ta rame. Da ta gan shi ta gyara mayafi ta yi fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, Malam. Larai, kawo wa baƙo ruwa."

"Yaya, ni ne."

"Madalla, madalla. Ya hanya?" Ta karɓi ledar ta yi godiya, ta ajiye a gefe. "Daga asibiti aka aiko ka?"

Ya durƙusa a bakin tabarmar. "A'a. A Hukumar Dogo nake aiki."

Fuskarta ta haskaka. "Allah Sarki! Ashe ka san ƙanena. Mamuda. Injiniya ne a can." Ta matso, ta rage murya kamar mai ba da sirri. "Ni na goya shi. Tun yana ƙarami ba abin da yake lalacewa a gida bai gyara ba. Kaifin kansa har tsoro yake ba ni."

Mamuda ya ƙura wa ledar lemon ido.

"Akwai abin da nake so in gaya masa," ta ce, ta dafe goshi, tana lalube. "Game da jiragen nan ne. Akwai abin da ke damun yara. Ya ɓace mini, amma shi zai gane. Bai sani ba ne, Malam. Da ya sani da tuni ya gyara. Don Allah in ka gan shi ka faɗa masa."

Larai na tsaye a ƙofar madafa da kofin ruwa a hannu, ba ta kawo ba, tana kallonsa.

"Zan faɗa masa," in ji Mamuda.

"Allah ya yi maka albarka."

Ya fito ya bi gefen turakun har inda ya bar mota. Gyaran bai fi ƙarfinsa ba; a rana ɗaya zai iya zana shi, maƙogwaro da guntun bututu, abin da aka sani tun kafin a haifi kakan kakansa. Sai dai ba a rataya wa kowa zinariya don ya mayar da abu inda ya same shi. A ofis kuma wakilan birane na jiransa, kowane birni da Tudunsa mai fararen riguna, kowanne da inda gangarensa ya nufa.

Ya shiga mota, ya ɗaga gilashi, ya kama hanyar Tudu. Har yau bai faɗa masa ba.